Lafiya Lau a Kowane Shafi

Ku samarin da kuke tsayawa bakin masallaci bayan sallar Juma'a kuna cewa aikin Baba Lawali ai zaman mota ne da shan sanyin esi, na ji ku. Bayana ne ya mutu, kunnena yana nan da ransa. Har wani a cikinku ya ce in ya gaji da ɗaukar kwali a siton kaya na titin Wendover zai dawo sikiriti ya huta. To ga shi na rubuta muku, tunda in na yi magana da baki waya kuke latsawa. Karatuna bai wuce aji biyar na lakwal, wato firamare, a Damagaram ba. Wanda ya ga kuskure ya haɗiye ya wuce.

Ku fara sanin wanda yake biyana, don yawancinku ba ku sani ba. Ba gwamnati ba ce, ba kuma kamfani ba ne, ko da yake sunan kamfani ne a ƙirjin rigata. Unguwar da nake sintiri tana gabashin Greensboro. Ta baƙaƙen fatar ƙasar nan ce, yawancinsu tsofaffi da suka yi ritaya, ga coci uku da shagon aski ɗaya. Masu gidajen ne suka yarda a ɗora musu ɗan ƙari a kan harajin gida, abin da mu a Nijar muke ce wa lanho. Hukumar gari ta karɓa ta ba kwamitin unguwa, kwamiti ya ɗauki kamfani, kamfani ya ba mu mota. Amma abin yana da wa'adi, shekara biyar. In ya cika, sai masu gidaje sun sake sa hannu an kai wa majalisar gari. Ba hannu, ba lanho. Ba lanho, ba mota. Ba mota, ba Lawali. Kuma mai gida kaɗai ke sa hannu. Mu 'yan haya, ko masallacinmu kaf zai yi sahu, ba wanda zai miƙo mana takardar.

Ranar da na fara, cikin watan Agusta, ana zafin nan nasu mai manne wa mutum riga a baya, aka haɗa ni da Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi, wanda ya daɗe a aikin tun ina ɗaukar kwali. Ina shiga mota na kai hannu zan kunna esi, sai ya buge min hannu. Masa yake ce wa kowa, wato maigida, irin na mutanen Kumasi.

"Masa, otal ka zo?"

"Alhaji, zafi."

"Sauke gilas. Wanda ya rufe gilas kurma ne, kurma kuwa ba ya gadi."

Tun daga ranar ban taɓa sintiri da gilas a rufe ba, da zafi da sanyi. Da kunne ake fara aikin nan. Haushin kare na yunwa daban, na baƙo daban. Ƙarar injin yankan ciyawa daban, ta zarton yankan ƙarfe daban. Tsohuwa in ta faɗi a bayan gida ba ihu take ba, kira take a hankali, sau biyu ko uku, sai ta yi shiru.

Kayan aikin ba su da yawa. Mota, oba-oba ta magana da ofis, tocila ta leƙa ƙarƙashin gida, da kaye, wato littafin rahoto, da bik, wato biro. Bindiga babu, takardarmu ba ta ba mu ba, ni ma ban nema ba. Sauran kayan a jikinka suke, ido da gaisuwa. Alhaji Mumuni ya koya min karanta gida kamar allo. Jarida uku a ƙofa, ko mai gida ya yi tafiya ko yana kwance a ciki. Kwandon shara ya kwana biyu a bakin titi bayan an kwashe, ka ƙwanƙwasa. Labulen da kullum yake buɗe yau ya rufe, ka lura. Motar da ta shiga gida da baya, ba ziyara ta zo ba, kaya ta zo ɗauka. Kada ka bi hanya ɗaya kwana biyu a jere. Ka yi tafiyar da mai ƙafa zai iya jerawa da kai. Kada kuma ka taɓa tare wa ɓarawo hanyar fita, don ba kama shi aka ɗauke ka yi ba, an ɗauke ka ne ya tafi.

Ni da rana nake aiki, bakwai zuwa uku. Kuna zaton ɓarawo da duhu yake tafe. A ƙasar nan ɓarawo ma'aikaci ne, ƙarfe tara yake fitowa kamar kowa, lokacin da masu ƙarfi sun tafi aiki, tsofaffi sun tafi asibiti.

Wata Talata na ga farar motar kaya ta shiga da baya gidan wani dattijo da na san yana kwance a asibiti. Maza biyu, riga iri ɗaya, kamar ma'aikatan kwasar kaya. Na faka gefe na bar musu hanya, na sauko da kayena a hannu, na fara yi musu gaisuwar gida da Turancina. Ina kwana. Ina gajiya. Ina aiki. Yaya iyali. Yaya zafi. Yaya mai gidan da jiki, tunda na ga ku danginsa ne. Kowace gaisuwa sai na rubuta lamba ɗaya ta motarsu a tafin hannuna, suna kallo. Ban kai kan tambayar yara ba babban ya ce ai ɓatan adireshi suka yi. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Suka fita. Na buga wa 'yan sanda na ba su lambar. A kaye kuma na rubuta abin da Alhaji ya koya min: lafiya lau. Don lafiyar aka yi. Ba a ɗauki ko cokali ba.

Wata rana kuma injin yankan ciyawa ne. Ɗan wata mata mai waƙa a coci, ƙato mai gemu, shaye-shaye ya cinye shi. Na gan shi yana tura injin maƙwabcinsu ya nufi babban titi inda ake sayen tsofaffin kaya. Na matso da mota.

"Ina zuwa da injin mutane?"

"Aro na yi."

"Madalla. Mu je mu mayar da aron."

Ya juya yana tura inji, ina binsa a baya da mota kamar rakiyar gawa, har ya mayar da shi cikin rumfar da ya ɗauko. Mai injin bai sani ba har yau. Uwar ba ta ji kunya a coci ba. A kaye: lafiya lau.

Nan ne darasin Alhaji Mumuni mafi girma, kuma shi ne ya kusa kashe mu. Kwamiti ne ke da ikon duba kaye, kwamiti kuwa maƙwabta ne. Alhaji yakan ce, "Ɗan Nijar, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ka gani a gidan mutum idonka ne ya gani, ba bik ɗinka ba." Ban yi masa musu ba, tunda ni ma haka aka rene ni. A wurinmu mai gadin da ke kwasar zance ya fi ɓarawo muni, ɓarawo kaya kaɗai yake ɗauka. Shekara huɗu da wani abu muna cika littafi da kalma biyu. Mai kamfani bai damu ba, shi dai a sa hannu a ƙasan shafi.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji da kyau. Akwai Mista Harold, tsohon hedimasta, dogo, takalminsa kullum yana ƙyalli, in yana magana sai ka ji kamar ka yi laifi. Litinin da Laraba da Juma'a yana zuwa wankin ƙoda da safe, ba ya dawowa sai azahar. Matarsa Misis Odessa tana gida ita kaɗai. Wata Laraba wajen ƙarfe goma na gan ta a tashar bas ta bakin babban titi, titin nan mai layi huɗu da motoci ke gudu kamar an koro su. Hular coci a kanta, jaka a hannu, amma silifas ɗin ɗaki a ƙafa. Silifas ɗin ne ya tsayar da ni.

"Mama, ina zuwa?"

"Masaƙa. Zan makara."

Masaƙar da take faɗi an rufe ta tun kafin in zo ƙasar nan. Na ce, "Yau an ba da hutu, Mama. Zo in kai ki gida." Ta shiga ba musu. Muna isa ƙofarta hankalinta ya dawo. Ta dubi silifas, ta dubi hular a gilashin ƙofa, sai ta kama min wuyan hannu. Mutanen unguwar Wali suke ce min, Lawali ya yi musu tsawo.

"Mista Wali, kada ka gaya wa Harold. Gidan tsofaffi zai kai ni."

Na ce to, Mama. Na koma mota na rubuta lafiya lau. Da na gaya wa Alhaji ya ce na yi daidai, tsohuwa ta ba ni amana. Daga nan na karya dokar sauya hanya. Duk ranar wankin ƙoda, ƙarfe goma a kusa da tashar nan take samuna. Wani satin ba ta fita. Wani satin sau biyu. Haka muka ci sanyi muka shiga bazara. Mutum ɗaya ce ta gani, Misis Gladys, shugabar kwamiti, don tagar kicin ɗinta tana kallon ƙofarsu. Ita ma ba ta gaya wa kowa ba.

Duk wannan a muguwar shekara aka yi, shekarar da bankuna suka yi ta ƙwace gidaje. Kun san ta, wasunku a ita aka sallame ku. Titi ɗaya sai ka ga gida huɗu an kulle, ciyawa ta kai gwiwa. Ɓarayin jan ƙarfe suka fito, su yanke bututun ruwa a ƙarƙashin gida, su farke injin esi na waje su bar kwangirinsa. Sintiri ya koma na ƙafa. Kowane kango sai na zaga shi, na durƙusa na haska ƙarƙashinsa da tocila, da wannan bayan nawa. Ban taɓa yin aiki irin na shekarar nan ba. A shekarar kuma wa'adin lanho ya cika.

Mutane sun rasa aiki, kowane ƙari a kan haraji ciwo yake musu. Wanda ya tashi ya ce kada a sabunta kuwa, Mista Harold ne. Ba mugu ba ne, ku ji ni da kyau. Mutum ne da ba ya yarda da abin da bai gani a takarda ba. Kuma titinsa da rabin cocinsa bayansa suke, in bai sa hannu ba ba za su sa ba. Ya nemi a ba shi littattafanmu duka, aka ba shi, haƙƙinsa ne.

Aka kira taro ranar Asabar da la'asar a zauren coci. Ni da Alhaji muna baya cikin rigar aiki. Mista Harold ya jera kayenmu a tebur, ya sa tabarau, ya buɗe na farko.

"Litinin, lafiya lau. Talata, lafiya lau. Laraba, lafiya lau." Ya ɗauko wani daga tsakiya. "Lafiya lau." Ya ɗauko na ƙarshe. "Lafiya lau." Mutane suka fara dariya. Ya cire tabarau. "'Yan'uwa, biyu ce. Ko dai unguwar nan aljanna ce, ba ma bukatar mutanen nan. Ko kuwa barci suke a mota, ba ma bukatarsu. Ku zaɓi wadda ta yi muku."

Sai ya juyo. "Mista Wali, taso. Faɗa mana abu ɗaya da ka yi a shekara huɗu."

Na tashi na ba da labarin farar mota.

"Wace rana?"

"Talata ce."

"Wace Talata? Nuna min a littafi."

Babu. Ni na sani, shi ma ya sani. Ya ce, "Wani abin fa? Da suna, da lambar gida."

Misis Gladys tana zaune a teburin kwamiti tana zare min ido, tana karkata kai wajen layin gaba. A layin gaba Misis Odessa ce zaune da hular nan tata, tana murmushi, ba ta san me ake yi ba. Bayanta kaɗan uwar ƙaton nan mai injin ciyawa. Kalma goma za ta ishe ni in kwantar da hedimasta a gaban cocinsa. Na ce, "Abin da ke littafin ni na rubuta shi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Aka sake dariya. Wani daga baya ya ce a ba shi motar shi ma ya iya rubuta kalma biyu. Ranar na gane abin da ya kamata in gane tun saukata daga jirgi: a ƙasar nan abin da ba a rubuta ba bai faru ba.

Misis Gladys ta tare ni a wurin ajiye motoci. Gajeruwa ce, amma in ta tsaya gabanka ba ka wucewa.

"Wali, kai waliyyi ne ko wawa?"

"Mai gadi ne."

"Zuwa ƙarshen watan Yuni ne kai mai gadi. Sati biyu ya rage in kai takarda, titin Harold ko hannu ɗaya babu. In ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa."

"Ba ke aka ba amana ba."

"To ji nan. Ranar farko ta Yuli, ƙarfe goma, wa ke tashar bas? Kai kana Wendover kana ɗaukar kwali. Amanar taka ce za ta tare mata mota?"

Ba zan yi muku ƙarya in ce tsohuwar kaɗai na tuna ba. Na haura hamsin, bayana ba zai sake ɗaukar kwali ba, kuma a shekarar nan ko sharar asibiti sai da hanya. Amma tambayar matar nan gaskiya ce.

Na je wurin Alhaji Mumuni. Na ce, "Alhaji, mun rufa mata asiri a unguwa, wannan daidai. Amma mun ɓoye wa mai gida abin gidansa. A Kumasi in ka tsinci matar mutum a hanya sau goma, ba ka gaya masa?"

Ya ce, "A Kumasi ba sai an gaya masa ba. Zango duka ya sani. Mai koko ta sani, tela ya sani, kowa yana sa ido, ba mai faɗi."

"To nan ba mai koko. Ni kaɗai ne."

Ya ce, "Amana amana ce, Masa." Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce cibin ba nawa ba ne. A haka muka rabu. Kuskurenmu ke nan in kuna son saninsa. Mun ɗauko rufin asirin garin da kowa ya san kowa, mun kawo shi garin da maƙwabci ba ya sanin maƙwabcinsa ya mutu sai jarida ta taru a ƙofa.

Ranar Litinin na sake ɗauko ta daga tashar. Da hankalinta ya dawo a bakin ƙofa na ce, "Mama, gobe zan gaya wa mai gida." Ban so ta ji daga baya. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce ta zaci ni mutumin kirki ne. Ta rufe ƙofa.

Talata bayan na tashi aiki na je gida na cire rigar kamfani na sa tawa, don kada a ce kamfani ne ya aiko ni. Na same shi a barandarsa yana karanta jarida. Na fara gaisuwa, ya katse ni tun a ta biyu.

"In takarda ka kawo, ba zan sa hannu ba."

"Ban kawo takarda ba. Maganar gidanka na kawo."

Na faɗa masa a tsaye, tunda bai ce in zauna ba. Tashar bas, hula, silifas, masaƙa. Ya ninke jarida a hankali.

"Sau nawa?"

"Ban rubuta ba."

Ya rufe ido. "Tun yaushe?"

"Tun kafin sanyi."

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. "Matata tana tsaye bakin titi mai layi huɗu, ni ina kwance da allura a hannu, kai kana mayar min da ita gida kamar wasiƙar da ta ɓata, ba ka ce min komai ba? In da ranar mura ta kama ka fa? In da tayarka ta fashe?"

"Gaskiyarka. Na yi kuskure."

"Wa ya ba ka ikon yanke wannan hukunci a gidana?"

"Ita ta roƙe ni."

"Ita ba ta san shekarar da muke ciki ba!"

Ya zauna yana numfashi. Can ya ce, "Me ya hana ka faɗa ranar Asabar? Da ka gama da ni a gaban kowa."

Na ce, "Mu ba ma tuɓe mutum a kasuwa."

Ya ce, "Fita daga gidana."

Na fita. Kada ku zaci ya kira ni ya ba ni haƙuri, wannan a fim ake yi. Washegari ya rubuta ƙarata ga kamfani, shafi biyu. Aka ba ni takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata, aka dakatar da ni kwana uku. Mai kamfanin da shekara huɗu bai buɗe kaye ba shi ne yake min wa'azin rubuta rahoto. Na tsaya na sha, don ƙarar gaskiya ce.

Ranar Juma'a ina gida Misis Gladys ta bugo. Ta ce in ga abin da take gani ta taga. Mista Harold ya dawo daga wankin ƙoda, da auduga manne a hannu, ya karɓi takardar sa hannu a wurinta, yana bin titinsa ƙofa ƙofa. Ban san abin da ya gaya musu ba, kuma na tabbata bai ambaci matarsa ba. Na dai san ya haɗa da wata takarda ta sharaɗi da ya buga da kansa. Duk abin da mai sintiri ya yi a rubuta, da lokacinsa. Ba suna, ba lambar gida a littafin kwamiti. Amma mutanen gidan da abin ya shafa a sanar da su a ranar, baki da baki. Kuma shi, Harold, zai karanta littafin a taron kowane wata.

Hannu ya cika. Majalisa ta sabunta. Albashi bai ƙaru ba, ba wanda ya ce sannu. Alhaji Mumuni ya karanta sharaɗin ya ce shi ba zai tsufa yana rubuta gulma ba, ya ajiye makulli ya koma tuƙin tasi. Mutumin da ya tsare unguwar nan tun kafin a sa mata fitilun titi masu kyau, ko katin ban kwana ba su ba shi ba. Har yau in mun haɗu a masallaci sai ya ce, "Ina labari, sakatare?" Ni kuma in ce sai alheri.

Yanzu kayena cike yake. Bakwai da rabi, na kori mutum biyu daga kango. Tara saura, na kashe wa wani gida famfon waje. Hannuna yana ciwo da rubutu fiye da tuƙi, kuma Turancina kun san shi. Amma na iya aikin da ko Alhaji bai iya ba: in rubuta abin da ya faru ba tare da na tuɓe kowa ba. Wannan ba a koyar da shi a kwas ɗin kwana biyun da ake ba ku kafin a ba ku riga.

An ɗaukar wa Misis Odessa mai kula da ita a ranakun asibiti. Amma tsohuwar da ta yi shekara talatin ba ta makara a masaƙa ba, ba mai kula ce za ta tsare ta kullum ba. Takan sulale. In ɗauko ta. A bakin ƙofa in hankalinta ya dawo sai ta kama min wuyan hannu ta ce kada in gaya wa Harold, don ta manta mun taɓa ɓatawa. In ce to, Mama. In koma mota in buga masa. Wannan "to" ɗin Allah ya yafe min shi.

Karo na farko da hakan ta faru bayan sabuntawa na rubuta: goma da minti ashirin, na mayar da wata mazauniya gida daga tashar bas, an sanar da mai gida. A taron wata Mista Harold ya tashi yana karantawa kamar yadda ya sa wa kansa. Ya zo kan layin. Ya karanta shi da muryar da ya karanta fasasshiyar taga da kare da ya tsinke, ya juya shafi. Ba wanda ya ɗaga kai sai Misis Gladys. Da aka tashi ya miƙo min kaye.

"Rubutunka kamar kaza ta bi ta kan takarda."

"Aji biyar na yi."

"An gani." Ya gyara hularsa. "Ranar Laraba ina da asibiti."

"Na sani."

"Ban tambaye ka ba."

Ya kama hannun matarsa suka fita.

To wanda har yanzu yake son zuwa ya huta, akwai gurbin Alhaji Mumuni, an gwada mutum uku ba wanda ya kai wata biyu. Ya same ni Litinin ƙarfe bakwai, da takalmin da zai iya durƙusawa da shi da bik mai rubutu. Esi kuwa kada ya sa rai. Tun zamanin Alhaji aka cire masa fis, kuma fis ɗin yana aljihuna.